Injin ya daina lilo: jinkirin milisakan 52 ne ya cinye rarar kusurwa

'Yan uwa masu fama da PID, wato dabarar sarrafa inji ta gyara kuskure da sassa uku (P mai bin girman kuskuren, I mai tara shi, D mai bin saurin canzawarsa), yau dai injin ya tsaya inda aka ce ya tsaya, kuma farin cikin da nake ciki ba kaɗan ba ne. Kayan su ne waɗanda kuka sani: ƙaramin injin DC mai giya da enkoda (na'urar ƙidayar juyin injin), Arduino Uno (allon da ke gudanar da shirin) da L298N (mai ba injin wuta). Ana so a ba shi umarni ya juya digiri 90 ya tsaya cak. Shi kuwa sai ya zarce, ya dawo, ya sake zarcewa, kowane kai-komo rabin sakan, ya yi ta yi kamar ba zai gama ba.

Abin haushin shi ne takarda ta ce hakan ba zai yiwu ba. Gwajin da aka yi kafin a rufe zagaye, wato kafin a fara gyara injin da karatun enkoda, ya nuna gudun injin yana kai kashi 63 cikin ɗari na iyakarsa a milisakan 100, wato τ = 0.1. Tsarin ke nan K/(s(0.1s + 1)), inda K ke nufin ƙarfin gyaran, idan kuma aka rufe shi da P kaɗai sai a sami 0.1s² + s + K = 0. Mai daraja biyu ne, lambobinsa duk sun haura sifili, don haka babu K ɗin da zai kayar da shi. A K = 20, ωn (mitar lilon asali) tana 14.1, zeta (ma'aunin saurin mutuwar lilo) 0.35, zarcewa kusan kashi 30 cikin ɗari, natsuwa cikin sakan 0.8. Ba kyau sosai, amma tsayayye ne. Injin da ke kan tebur kuwa yana bakin kubcewa.

Lissafin bai yi ƙarya ba. Akwai abin da ba a saka a cikinsa ba, shi ne jinkiri.

Ku duba ta fuskar Bode, wato zanen yadda girman sigina da kusurwarta ke canzawa da mita. A K = 20, girman zagayen yana sauka zuwa ɗaya a radiyan 12.5 a sakan. A wurin, kusurwa ta ja baya da digiri 90 na intigireta da 51 na injin, saura digiri 39 kafin a kai 180. Wannan ita ce rarar kusurwar da ake da ita gaba ɗaya, idan ta ƙare lilo ba ya mutuwa. Jinkiri ba ya taɓa girman sigina ko kaɗan, shi ya sa ido ba ya kama shi, amma yana cin kusurwa gwargwadon ω (mita) sau T (tsawon jinkirin). Digiri 39 radiyan 0.68 ne, a raba da 12.5, milisakan 54 ke nan. Duk jinkirin da ya kai haka ya gama da tsarin.

To daga ina milisakan hamsin da wani abu za su fito a zagayen shirin da aka rubuta wa delay(10), wato jiran milisakan goma? Daga Serial.print, umarnin da ke aika rubutu zuwa kwamfuta. A gudun 9600, kowane harafi bit goma ne, yana cin milisakan 1.04. Layi mai haruffa 20 yana bukatar kusan milisakan 21 kafin ya fita. Ma'ajiyar jira ta Uno bayit 64 take ɗauka. Kowane zagaye yana zuba mata 20, ita kuma tana fitar da kusan goma, cikin zagaye shida ko bakwai ta cika. Daga nan Serial.print ba ya sakin shirin sai wuri ya samu, zagayen ya koma milisakan 21. Wanda ya auna zagayen farko-farko da micros() zai ga goma ya kwantar da hankalinsa. A auna bayan sakan ɗaya da kunnawa, ko a riƙa juya fil ɗaya kowane zagaye a kalle shi a osiloskof.

Sai matatar da ke ɗaukar matsakaicin karatu biyar na ƙarshe. Irin wannan tana jinkirta sigina da (N − 1)/2 na zagaye, a nan zagaye biyu, milisakan 42. Riƙe PWM (ƙarfin wutar da ake ba injin) a ƙima ɗaya har zagaye na gaba yana ƙara rabin zagaye, 10.5. Jimilla 52.5. An yi zaton 25 ne bisa zagayen milisakan goma, ga shi ya ninka. A radiyan 12.5 wannan ya kusa digiri 38 daga cikin 39. Gyaran yana isowa bayan allurar da ke nuna kusurwar injin ta riga ta juya, maimakon ya tare ta sai ya tura ta, kamar mai tura lilo daidai lokacin da ya kama hanyar tafiya. Rabin sakan ɗin nan ma shaida ce: 2π a raba da 12.5 shi ne 0.5. Duk sa'ad da mitar lilon ta yi daidai da mitar da girma ke sauka ɗaya, rarar kusurwa ce ta ƙare.

Ga masu son tabbatarwa da ma'aunin Routh na 1877 mai gwada ko tsari tsayayye ne, wanda Hurwitz ya iso gare shi ta wata hanya a 1895: ba ya karɓar jinkiri kai tsaye, sai an musanya shi da kimar Padé, (1 − as)/(1 + as), inda a rabin jinkirin ne, 0.026. Lissafin ya koma mai daraja uku, sharaɗin kuma (τ + a)(1 − Ka) ya fi τaK. Iyakar K ta fito kusan 21. Muna kan 20. Kada a musanya jinkirin da 1/(Ts + 1) don sauƙi, zai ba da iyaka 29, ya sa a ga kamar da sauran fili.

Gyaran bai ci ko waya ɗaya ba. Gudun Serial ya koma 115200, inda haruffa 20 ba su kai milisakan biyu ba, ana kuma bugawa sau ɗaya a zagaye goma. An cire delay(), zagayen yana tashi duk milisakan 2 bisa micros(). Matatar ta bar kan matsayi gaba ɗaya, domin ƙidayar enkoda ba ta da hayaniyar da za a tace. Da K ɗin nan dai na 20, injin ya zarce da kusan kashi talatin ya natsu kafin sakan ya cika, daidai da takarda. Ganin layin lissafi da na injin sun hau juna ya fi mini komai daɗi.

Daga nan ne D ya sami amfani. Ku lura, da P kaɗai zeta sau ωn kullum 1/(2τ) ne, wato 5, don haka ƙara K ba ya rage lokacin natsuwa, zarcewa kawai yake ƙarawa. Da D, zeta ta zama (1 + K·Td)/(2√(Kτ)). Td, wato nauyin da aka ba D, idan yana 0.05 zai kai ta 0.7: zarcewa ƙasa da kashi 5, natsuwa sakan 0.4. A ɗauki D daga karatun enkoda, ba daga kuskure ba, in ba haka ba kowane sabon umarni zai buga PWM ya kai 255 nan take. Shi D ɗin ne ke son tacewa, amma 'yar kaɗan, milisakan biyar zuwa goma, kuma a lissafa ta cikin jinkiri.

Ban ba da shawarar ɗaukar lambobin Ziegler da Nichols na 1942 a irin wannan hali ba. Hanyar tana auna Ku (K ɗin da lilo ke dawwama a kansa) da Tu (tsawon kai-komo ɗaya) na tsarin yadda ta same shi, da jinkirinsa duka, ta ba da ƙaramin K da zai zauna da matsalar maimakon a cire ta. Ga shi kuma sai an bar injin yana lilo da gangan, abin da haƙoran giyar roba ba sa jurewa.

Saura matsala ɗaya. Kusa da inda ake so, PWM yana yin ƙanƙanta har ya kasa motsa injin, saboda gogayya da kusan bolt biyu da L298N ke riƙewa, sai allura ta tsaya da saura kaɗan. Saka I yana rufe giɓin, amma yana taruwa a hankali har injin ya fizge ya wuce, ya sake taruwa ta ɗaya ɓangaren. Wannan kai-komon ba na jinkiri ba ne, Routh da Bode ba sa ganinsa. Gwaji na gaba shi ne a auna mafi ƙanƙantar PWM da ke motsa injin, a riƙa ƙara ta kai tsaye bisa alamar kuskure, a kuma dakatar da I idan kuskuren bai wuce ƙidaya biyu ba.