Abin da karnuka masu ƙaiƙayi suka koya mini game da abinci

Aiki a asibitin dabbobi ya nuna mini cewa ƙaiƙayi ciwo ne da ke wahalar da gida gaba ɗaya. Karen da ke susa ba ya barci, mai shi ma ba ya samun barci, domin bugun ƙafa a ƙasa da tsotsar tafin ƙafa ba sa tsayawa har gari ya waye. Shi ya sa galibin masu zuwa wurinmu suke shigowa da tambaya ɗaya a baki: "Likita, wane abinci zan saya masa?" Da yawansu sun riga sun canza buhu bayan buhu kafin su iso. Wannan tambayar ba ta amsuwa a ranar farko, kuma duk wanda ya amsa ta a ranar, cinta yake yi.

Ba kowane ƙaiƙayi ne yake fitowa daga kwano ba. Ƙuma ce kan gaba. Karen da jikinsa ba ya jure yawun ƙuma, cizo kaɗan ya isa ya sa ya yayyage bayansa wajen gindin wutsiya, ko da an tsefe gashin ba a ga ko ɗaya ba. Akwai ƙazuwa, wadda wasu ƙananan ƙwari masu haƙa cikin fata ke jawowa, ta fi kama bakin kunne da gwiwa. Akwai aleji, wato garkuwar jiki ta riƙa faɗa da abin da ba shi da illa, ga abubuwan da ke cikin muhalli, irin su ƙwayoyin da ke cikin ƙurar ɗaki da ƙurar furanni, kuma wannan ya fi na abinci yawa nesa ba kusa ba. Sannan ƙwayoyin cuta su hau kan fatar da ta riga ta ji rauni: bakteriyar Staphylococcus, da wani fangas mai suna Malassezia da ke sa fata maiƙo da wari. In ba a kawar da waɗannan ba, ko abincin da ya fi kowanne dacewa aka ba kare, susa za ta ci gaba, mai shi kuma ya ce abincin bai yi ba.

Idan zargi ya fara komawa kan abinci, jikin karen ne ke nunawa. Nakan ɗaga ƙafar gaba in buɗe tsakanin yatsu. A farin kare, gashin wurin ya rine ya koma launin tsatsa saboda yawan lasa, fatar ƙarƙashi ta yi ja, tana da ɗumi da danshi. In juya kunne, cikinsa ya yi kauri, da baƙin dauɗa mai wari, mai shi ya ce an sha yin magani yana dawowa. Ƙaiƙayin ba ya bin lokacin shekara, kullum yana nan. Wani karen yana haɗawa da zawo ko yawan bayan gida. Duk da haka waɗannan alamu zargi kawai suke ƙarfafawa, domin alejin muhalli ma yana kama wuraren nan, ido ba ya iya raba su.

Abin da ya fi ba mutane mamaki shi ne wanda ake tuhuma. Kusan kowa hatsi yake zargi. Amma garkuwar jiki da furotin take faɗa, kuma furotin ɗin da kare ya daɗe yana ci ne ya fi zama matsala. A 2016 wasu likitocin fatar dabbobi uku, Mueller da Olivry da Prélaud, sun tattara rahotannin karnuka 297 masu alejin abinci. Naman shanu ne ya zo na farko da kashi 34 cikin ɗari, madara da danginta 17, kaza 15, alkama 13. Masara kashi 4 ce kawai, shinkafa 2. Don haka buhun da aka rubuta wa "babu hatsi", in hatsin kaɗai aka cire, bai amfana wa yawancin waɗannan karnuka komai ba. Akwai ma wani dalilin yin hattara da shi. A 2018 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta fara binciken rahotannin ciwon zuciya a karnukan da ke cin irin wannan abincin, wanda ake cika shi da dangin wake da dankali a madadin hatsi. Ba a tabbatar cewa abincin ne sila ba, amma ban ga dalilin ɗora kare a kansa ba matuƙar ba a ga laifin hatsi a jikinsa ba.

A ganina, aikin da ya fi muhimmanci a zaman farko shi ne tambaya. Me karen nan ya taɓa ci tun yana kwikwiyo? Ba abincin kwano kaɗai ba, har ƙashin da ake ba shi ya gwagwiya, ragowar abincin mutanen gida, ɗan abin da ake jefa masa in ya yi abin kirki, da abin da yake sata daga kwanon kyanwa. Daga wannan jerin ake zaɓar abincin gwaji, wato wanda za a ba kare shi kaɗai na ɗan lokaci a ga ko ƙaiƙayin zai lafa, kuma hanya biyu ce. Ko dai a nemo naman da bai taɓa shiga cikinsa ba, kamar zomo ko doki, a haɗa da abu ɗaya mai sitaci da shi ma bai saba ci ba. Ko a yi amfani da abincin da aka farfasa furotin ɗinsa ya zama ƙanana sosai har garkuwar jiki ta kasa gane shi. Irin na biyun ne su Hill's z/d da Purina HA da Royal Canin Anallergenic, wanda furotin ɗinsa daga gashin tsuntsaye aka sarrafa shi. Ga karen da aka tsinta ko aka karɓo da girmansa, wanda ba wanda ya san tarihin cikinsa, na fi natsuwa da na biyun. A hanya ta farko kuma ana lura da dangantaka: karen da naman shanu ke damunsa zai iya ƙin na tunkiya, tunda furotin ɗinsu na da kama.

Rubutun jikin buhu ba ya faɗin komai da komai. An sha gwada abincin kanti mai da'awar nama iri ɗaya a ɗakin bincike, a tarar da ɓurɓushin kaza ko shanu ko waken suya da ba a rubuta ba, sau da yawa saboda inji ɗaya ne ke sarrafa abinci iri-iri. Ga lafiyayyen kare wannan ba komai ba ne. Ga gwaji kuwa ya isa ya ɓata shi.

Nakan ji tausayin wanda ya zo da takardar gwajin jini ko na yawu ko na gashi, ɗauke da dogon jerin abincin da wai karensa ba zai ci ba. Waɗannan gwaje-gwajen ba abin dogaro ba ne wajen gano alejin abinci. Akwai masu binciken da suka aika wa wani kamfanin gwajin gashi da yawu gashin 'yar tsana da ruwan famfo, sakamako ya dawo da jerin aleji kamar na kare mai rai. Hanyar da ta tabbata ita ce a ba kare abincin gwajin shi kaɗai, da ruwa, na mako 8. Binciken da aka tattara a 2015 ya nuna cewa wajen kashi 80 cikin ɗari na karnuka masu wannan ciwon suna samun sauƙi zuwa mako na 5, kuma sai an kai mako na 8 adadin ke haura 90. Wanda ya tsaya a mako na biyu bai gwada komai ba. Tunda ba za a bar dabba tana cin jikinta ana jira ba, a makonnin farko akan haɗa da maganin rage ƙaiƙayi kamar prednisolone ko Apoquel, sannan a janye shi kafin ƙarshen gwajin don a ga abin da abincin ya yi shi kaɗai.

A cikin gida gwajin ke tsayawa ko ya rushe. Wani magidanci ya dawo da karensa bayan makonni, tafin ƙafar na nan ja. Ya ce wallahi ba abin da ya shiga bakin karen sai abin da aka rubuta, kuma gaskiya ya faɗa iya saninsa. 'Yarsa ƙarama tana tsaye riƙe da igiyar karen. Na ce, "'Yan mata, ke me kike ba shi in ya zo wurinki?" Ta ce ita ba ta ba shi komai, Kaka ce dai take dangwala masa burodi a madara kowace safiya don yana ba ta tausayi. Tsohuwar ba ta yi da mugunta ba, ba wanda ya zauna ya yi mata bayani ne. Tun daga irin wannan nake roƙon a tara duk wanda ke cikin gidan a faɗa masa, a kuma ware wani kaso na abincin gwajin a cikin gwangwani, duk mai son ba kare wani abu ya ɗiba daga nan. Akwai kuma ƙofofin da ba a tunawa da su: ƙwayar maganin tsutsa ko na ƙuma mai ɗanɗanon nama, man goge haƙorin kare mai ɗanɗanon kaza, ɗan cukun da ake ɓoye magani a ciki.

Matakin da aka fi gudu shi ne na ƙarshe. Kare ya warke, gashi ya tsiro, kunne ya bushe, sai mu ce a mayar masa da tsohon abincinsa. Mai shi ya dube ka ya ce, "Haba Likita, bayan duk wahalar nan?" Ina fahimtar tsoronsa sosai. Amma a cikin makonni 8 ɗin nan an yi maganin ƙuma, an kashe ƙwayoyin cuta, wataƙila lokacin ƙurar furanni ma ya wuce. In ba a mayar da tsohon abincin an ga ƙaiƙayin ya dawo ba, ba a san wanne ne ya yi aikin ba, kuma za a iya ɗaure kare da abinci mai tsada har ƙarshen rayuwarsa a kan zato. In abincin ne, yawanci susa kan dawo cikin 'yan kwanaki, da wuya ta wuce mako 2. Daga nan sai a koma abincin gwaji har jiki ya lafa, a riƙa shigo da abu ɗaya-ɗaya, kaza wannan karon, madara wani karon, har a kama mai laifin. Sau da yawa abu ɗaya ne ko biyu, sauran abinci duk ya halatta masa.

Wanda ya zaɓi dafa wa karensa a gida ya sani cewa nama da sitaci kaɗai sun isa gwaji na ɗan lokaci ga babban kare, amma ba su isa abincin dindindin ba, domin ba su da isasshen kalsiyam da wasu sinadarai. Ga kwikwiyon da ƙashinsa ke girma ma ba a yarda da hakan ba ko na ɗan lokaci, sai an daidaita haɗin. Man kifi mai omega-3 yana ɗan taimaka wa fata, ana ƙara shi bayan an gama gwajin. Wasu karnukan kuma suna da alejin abinci da na muhalli a haɗe. Su canjin abinci rage musu ƙaiƙayin yake yi, ba ya kawar da shi duka, sai a ci gaba da wanka da sabulun magani, da rigakafin ƙuma, da maganin ƙaiƙayi a lokutan da ya tsananta.