Santimita nawa hannunka ke ci kafin ka juya?

Idan matasa suka haɗu a gidan wasan kwamfuta a nan Yamai, wanda ya fi kowa iya harbi ba ya tashi daga kujera sai wani ya tare shi: "Yaya, sensinka nawa?" Sensi shi ne lambar saurin juyawa da maus da ake rubutawa a saitin wasan harbi. Ya faɗi lamba, mai tambaya ya koma tasa kwamfutar ya rubuta, sai ya tarar ko dai allo na juyawa da gudun tsiya, ko kuma ya yi nauyi ya ƙi motsi. Ni yanzu idan aka yi mini wannan tambaya, da santimita nake amsawa: 43. Wato idan na ja maus a kan tebur tsawon santimita 43, ɗan wasana ya yi cikakken juyi ya dawo yana kallon inda ya fara. Wannan awon shi ne ya gyara mini harbi, kuma ina so masu buga irin waɗannan wasanni su san shi, don na ga yara masu hannu mai kyau sun fid da rai suna cewa ba su da baiwa, alhali saurin da suke kai ne ya hana hannun nuna kansa.

Na fara ne da Counter-Strike 1.6 a wani gidan wasa a Bukoki, inda ake haɗa kwamfutoci da waya a ɗaki ɗaya, mu kasu gida biyu mu yi ta fafatawa a de_dust2, wani filin faɗa na cikin wasan, har a ɗauke kuran. Kowace kwamfuta da irin maus ɗinta. Yau ka samu ta bakin ƙofa, gobe ta ƙarƙashin fanka, ka rubuta lamba iri ɗaya a duka biyun amma gudun ya sha bamban. Dalili shi ne kowane maus yana da adadin ɗigon da yake ƙirgawa idan ya yi tafiyar inci ɗaya, wato santimita 2.54, shi ne DPI da ake rubutawa a jikin kwali. Mai DPI 400 yana aika wa kwamfuta ɗigo 400 a kowane inci, mai 1600 kuwa ninki huɗu na haka. Shi kuma wasan sai ya ɗauki ɗigon ya ninka shi da lambar sensi. Don haka DPI 400 da sensi 2 daidai suke da DPI 800 da sensi 1. Masu wasa na ninka lambobin biyu su kira sakamakon eDPI, a nan 800 ke nan. Wanda ya ba ka sensinsa bai gaya maka DPI ba, bai ba ka komai ba.

Ko eDPI ɗin ma a cikin wasa ɗaya kawai yake da amfani. A Counter-Strike, idan sensi na kan 1, kowane ɗigo yana juya kallonka digiri 0.022. A Valorant, wanda kamfanin Riot Games ya fitar a 2020, digiri 0.07 ne. Shi ya sa lambar da take daidai a wancan take zama hauka a wannan, sai ka raba ta da 3.18 kafin gudun ya zo ɗaya. Wanda ya san DPI ɗinsa yana iya yin lissafi a takarda: ninka DPI da sensi da 0.022, ka raba 360 da abin da ya fito, ka ninka da 2.54. DPI 800 da sensi 1 zai ba ka kusan santimita 52.

Amma yawancin maus ɗin da muke samu a kasuwa ba wanda ya san DPI ɗinsu na gaskiya. Wani ba kwali, wani an rubuta masa dubbai a kwalin don jan mai saye. Don haka na aro tef ɗin awo wajen telan da ke kusa da gidanmu, na shimfiɗa shi a tebur, na manne bakinsa biyu da salatef. Na shiga de_dust2 ni kaɗai, na ɗora ɗigon saiti, wato alamar tsakiyar allo da ake auna harbi da ita, daidai a gefen babbar ƙofar da ke tsakiyar filin, na ajiye hancin maus a kan sifili. Sai na riƙa jan sa dama sannu a hankali, ido na kan allo, bango na wucewa, akwatuna na wucewa, har gefen ƙofar ya dawo ƙarƙashin ɗigon. Na duba tef: santimita 10 da ɗan kai. Ko tsawon tafin hannuna bai kai ba, duniyar wasan gaba ɗaya ta zagaya.

A nan ne lissafi ya buɗe mini ido. Kan mutum mai faɗin santimita 20, idan yana nesa da kai mita 30, bai cika rabin digiri a idonka ba, wajen 0.38 ne. Idan juyinka santimita 10 ne, digiri ɗaya bai kai sulusin milimita ba a kan tebur, kan abokin gaba kuwa gaba ɗayansa wajen kashi ɗaya cikin goma na milimita ne, kaurin fallen takarda ɗaya ke nan. Cikin wannan ɗan kaurin ake so hannunka ya tsaya, zuciya na bugawa, ana harbinka, bindiga na tashi sama. Ba hannun da zai riƙa yin haka kullum. A santimita 43 kuwa kan nan ya kusa rabin milimita, fili ya ninka sau huɗu. Abin da ya sa ke nan yawancin ƙwararrun da ke buga gasar Counter-Strike suna kan DPI 400 ko 800 da ƙaramin sensi, suna share faffaɗar shimfiɗar maus da dukan hannu.

Saukowa zuwa ƙaramin sensi ba ta zo da daɗi ba. Wanda ya saba juyawa da wuyan hannu kaɗai, idan aka rage masa gudu sai ya ji kamar an ɗaure shi, musamman mu da da yawanmu muka taso da Free Fire da PUBG Mobile, inda babban yatsa ke yin komai a ɗan gilashin waya. Na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, ina barin hannu ya zauna a kowane mataki kafin in ƙara. Gwajin da na dogara da shi mai sauƙi ne. Ka zaɓi wani tabo a bango daidai tsayin kan mutum, ka ɗora masa ɗigon saiti, ka riƙa tafiya hagu da dama, Q da D a madannan Faransanci irin namu, A da D a na Turancin Ingilishi, kana ƙoƙarin kada ɗigon ya bar tabon. Idan yana rawa yana zarce tabon ta nan ta can, gudu ya yi yawa. Idan kullum yana baya yana bin tabon, ya yi kaɗan. Bayan haka sai gwaji na biyu: daga tsakiyar shimfiɗa, jan hannu ɗaya, ka iya juyawa ka fuskanci bayanka? Na taɓa sauka har wajen santimita 55, harbin nesa ya yi daɗi ƙwarai, amma idan aka ɓullo mini ta baya sai na ɗaga maus na sake ja, kafin nan an gama da ni. A 43, rabin juyi santimita 21 da rabi ne, shimfiɗata kuwa faɗinta 45, daga tsakiya zuwa baki ya isa. Girman tebur ɗina da tsawon hannuna ne suka yanke wannan lamba, DPI 800 da sensi 1.2.

Akwai abin da bidiyon ƴan Turai ba sa damuwa da faɗa, don su bai shafe su ba. Ƙaramin sensi yana buƙatar jan hannu mai ƙarfi da sauri, maus ɗin ofis mai araha kuwa idon da ke ƙarƙashinsa, mai gane motsi, ba ya iya bin wannan gudun. Ka fizge shi, sai ka ga kana kallon sama ko ƙasa, ko allo ya tsaya cik a tsakiyar juyi. Wannan ya same ni da zarar na wuce santimita 25 da tsohon maus ɗina. Wanda irin wannan ke hannunsa ya tsaya inda maus ɗin ke iya ɗauka, ya tara kuɗi a hankali. Kuma idan ya tashi saye, kada fitilu masu launi ko katuwar lambar DPI su ruɗe shi. A gwada a gaban mai shago: a ja shi da ƙarfi a ga ko kibiya ta bi hannu. A tambaya kuma sau nawa yake aika saƙo a daƙiƙa. Na ofis galibi sau 125 ne, wato kowane milisakan 8, na wasa sau 1000, kowane milisakan 1. Ni na hannu na saya, mai waya, ba ado ko ɗaya a jikinsa, kuma har yau shi nake riƙe da shi.

Sai maganar Windows. A cikin saitin maus akwai wani ɗan akwati da a kwamfutocinmu masu Faransanci aka rubuta masa "Améliorer la précision du pointeur". Sunan na da daɗin ji, amma aikinsa shi ne ya sa nisan da kibiya ke tafiya ya dogara da saurin hannunka: santimita biyar a hankali daban, santimita biyar da sauri daban. Hannu ba zai taɓa haddace nisa a haka ba. A cire alamar, a bar sandar gudu a mataki na 6 cikin 11. Valorant da Counter-Strike 2, wanda Valve ya fitar a Satumban 2023, suna karɓar motsi kai tsaye daga maus, amma tsofaffin wasannin da ke gidajen wasanmu wannan akwatin na iya shafar su, don haka shi nake fara dubawa a duk kwamfutar da ba tawa ba.

Abin da na fi jan kunnen ƙannena a kai shi ne su daina ɗora wa sensi laifin da ba nasa ba. Muna buga wasa da sabobin da ke Turai, wato manyan kwamfutocin da ke haɗa masu wasa ta intanet, saƙo na daɗewa a hanya, ka harbi mutum ka ga kai ne ka faɗi. Wannan intanet ne. Juyin kallonka a cikin kwamfutarka ake yin sa, jinkirin layi ba ya taɓa shi. Idan kuma kwamfuta ba ta da ƙarfi, hotuna na fitowa da ƙyar, maus zai yi nauyi a hannu. Maganinsa a rage kyan hoto, a kashe V-Sync, wani zaɓi a saitin hoton wasa, don yana ƙara jinkiri tsakanin hannu da allo. Ga kuma yanayin garinmu. A watan Afrilu da Mayu, zafi ya haura digiri 40, gumi na sa damtsen hannu ya manne da tebur, jan da ka saba yi a tafi ɗaya sai ya riƙa tsinkewa. Ni riga mai dogon hannu nake sawa ko da zafi, yadin na zamewa a kan katako fiye da fata. Da hunturu kuwa ƙura ce ke kwanciya a shimfiɗa, ta shiga ramin idon maus. In na ji abin ya canza mini, sai in wanke shimfiɗar da sabulu in shanya a inuwa, in hure idon, in goge ƙafafun maus. Sau da yawa shi ke nan, ban taɓa lamba ba.

Domin taɓa lambar nan bayan kowace rashin nasara shi ne abin da ke hana mutum ci gaba. Hannu na koyon nisa ne ta maimaici: daga nan zuwa kusurwar can, jan kaza; AK-47 ta fara tashi, ja ƙasa kaza. Idan ka canza yau ka canza jibi, kullum sabon karatu yake farawa. Tun da na zauna a 43 na bar shi, sai hankalina ya koma kan abin da ya fi shi muhimmanci, wato ajiye ɗigon saiti daidai tsayin kai a inda nake zaton mutum zai ɓullo, tun kafin ya ɓullo. Wanda ya iya wannan ɗan gyara kaɗan yake yi kafin ya danna, kuma ƙaramin sensi a nan yake biyan mai shi. Na lura kuma ciwon da nake ji a wuyan hannu bayan dogon zama ya ragu, don yanzu gwiwar hannu da kafaɗa ke ɗaukar manyan juyi, wuyan hannu da yatsu na ƙananan gyara. Sai dai kujera ta yi daidai da tebur, damtse ya kwanta a kai ba tare da ɗaga kafaɗa ba.

Ɗan yayata da ke lakkal yana zuwa wurina ranar Lahadi. Da ya ga tef a tebur ya ce, "Kawu, ni ma sa mini naka." Na ce masa a'a, zauna mu auna naka. Hannunsa bai kai nawa tsawo ba, kuma wasan da ya fi so mutane na tsalle suna gudu ta ko'ina, dole ka riƙa bin su da ɗigo kana juyawa da yawa, ba kamar Counter-Strike ba inda ake tsare kusurwa. Muka yi gwajin tabon bango, muka yi na juyawa baya, ya tsaya a santimita 30. Na sa ya rubuta lambar a wayarsa. Yanzu duk gidan wasan da ya shiga, ko wane irin maus ya tarar, yana ɗauke da zare mai tsawon santimita 30 a aljihu: ya shimfiɗa shi a tebur, ya ɗora ɗigo a gefen wata ƙofa, ya ja daga wannan baki zuwa wancan, ya ƙara ko ya rage sensi har juyin ya cika daidai ƙarshen zaren. Minti biyu ya ishe shi, kafin abokansa su gama kasa ƙungiya.