Siginar Fijon Kawu

Asabar. An kwana ana ruwa, gari ya waye da sanyi, na so in ɗan ƙara barci. Sai ga kiran Kawu tun kafin bakwai: siginar motarsa ta mutu, hagu da dama duka, ga shi ranar Juma'a yana da ɗaurin aure a Zariya, kuma ya ce ba zai je a motar kowa ba. Na ce, "Kawu, ai sai in kai ka a tawa." Ya ce, "Taka mota ce ko kwali?" Na ɗauki jakar kayan aikina na fita.

Motar Fijo 504 ce, salun, haɗin Kaduna, ta farkon shekarun 1980. Kawu ba ya gajiya da ba da labarinta, kuma yau ma sai da na sake ji ina tsaye da sukudireba a hannu: an fara ƙera irinta a Faransa a 1968, masana'antar Kakuri ta buɗe a 1975, kuma bayan Turawa sun daina yin salun ɗin a 1983 mu muka ci gaba da haɗa ta har shekarun 2000 suka shigo. A zamaninsa, in ji shi, daga babban sakatare har direban tasha duk ita suke hawa, bambancin kawai wani salun wani wagon. Na bar shi ya ƙarasa, don in ka katse shi daga farko zai sake ɗaukowa.

Kafin in kwance komai na zauna a kujerar direba na murɗa makulli. Na tura sandar sigina sama, shiru. Na dawo da ita ƙasa, shiru, ko ɗan koren haske na kan das bai motsa ba. Sai na danna makunnin dabul sigina, nan take na ji ƙas, ƙas, ƙas. Na sa jikan Kawu ya zagaya ya duba mini. Ya ce huɗun duk suna kiftawa, amma ta baya ta hagu ba ta kai sauran haske ba.

Wannan gwajin na minti ɗaya ya rage mini rabin aikin. Tunda dabul na yi, ƙwayayen fitila huɗu suna da rai, wayoyin da ke kai musu wuta ba su tsinke ba, filasha, wato ɗan akwatin da ke sa fitilun kiftawa, ma tana aiki. Kuma tunda hagu da dama suka mutu tare, laifin yana can sama, kafin hanya ta rabu biyu a sandar sitiyari. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne a tsofaffin motoci masu filasha ɗaya, wuta biyu ce ke shiga makunnin dabul. Ɗaya daga batir take zuwa kai tsaye, shi ya sa dabul ke aiki ko an zare makulli. Ɗayar kuma sai an murɗa makulli take zuwa, ita ce ta sigina. In makunnin yana zaune ba a danna ba, yana miƙa wa filasha wutar makulli. In an danna, sai ya yanke ta ya haɗa ta batir, ya kuma haɗe hagu da dama wuri guda. Ke nan duk sanda ka ba da sigina, wutar ta cikin makunnin dabul take bi ko da ba ka taɓa shi ba. Akwai motocin da aka yi wa filasha biyu, kowace da aikinta, a nan lissafin ya canza. Na leƙa ƙarƙashin das da tocila, ta Kawu ɗaya ce.

Abubuwa uku ke nan suka rage: fis, makunnin dabul, sai ita sandar.

Fis na fara dubawa don shi ne mai sauƙi. Ba na yarda da ido a nan, fis kan yi kyau a gani alhali bakinsa ya yi tsatsa ba ya wuce da komai. Na maƙala tasta, ɗan ƙwan gwajin wuta, a jikin mota na taɓa wannan gefe, ta kama. Na taɓa wancan, ta kama. Lafiya lau. Amma a layin ƙasa na ga abin da ya ɓata mini rai: wani fis an naɗe shi da takardar kwalin sigari mai ƙyalli. Na tambayi Kawu, ya ce wani yaro ne ya yi masa a bakin hanya shekarun baya, kuma "tun daga nan bai sake ƙonewa ba." To ina zai ƙone? An sa fis ne don ya mutu a madadin waya. In aka hana shi mutuwa, ranar da waya ta taɓa jiki robarta ce za ta narke a bayan das, inda ba ka gani sai hayaƙi ya fito. Na cire shi na jefa a aljihu, don na san in na ajiye a ƙasa zai koma wurinsa.

Makunnin ya ba ni wahalar fitowa. Robar ta bushe, in ka matsa da ƙarfi sai ta fashe, kuma ba abu ne da za ka shiga shago ka ce a ba ka sabo ba. Da ya fito na gwada ƙafafunsa da tasta: wutar batir na nan, wutar makulli na nan, amma ƙafar da ke zuwa filasha babu komai. Na danna na saki, na danna na saki, can sai tasta ta ɗan yi ja ta ɗauke. Na ce alhamdu lillahi, ga ɓarawon.

A nan na tsaya. Cikin irin wannan makunni akwai ƙananan sifirin da 'yan ƙarafa, in suka yi tsalle suka faɗa ƙasa sai dai labari. Na cire kan batir, na sa makunnin a leda, na hau babur zuwa wurin tsohon riwayan da ke duba mana motoci.

Na tarar yana karyawa da koko da ƙosai, ya ce, "Bismillah, Alhaji." Na ce na ƙoshi. Kafin ya gama, yaron shagonsa ya karɓi ledar ya juya ta, ya ce, "Yallaɓai, wannan ai ba sai an wahala ba. A jawo waya daga batir a kai wa filasha kai tsaye, minti biyar." Maigidansa bai ɗago ba ya ce, "Kai, je ka ɗebo ruwa." Yaron ba ƙarya ya yi ba, siginar za ta dawo. Sai dai za ta riƙa aiki ko mota na kashe, ranar da gwiwar Kawu ta ture sandar yana fita, a wayi gari batir ya mutu. Ga kuma waya babu fis a kanta. Yawancin tsofaffin motocin da nake gani a garin nan ba tsufa ya lalata musu waya ba, irin wannan taimakon ne, kowa ya zo ya ƙara tasa ya naɗe da salatif, har a rasa wacce ce ta asali.

Malam ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan benci ya buɗe makunnin a kai. Tsohon giris ya haɗu da ƙurar hunturun shekaru ya daskare, ƙarafan tagulla sun yi kore. Ya wanke da ɗan fetur, ya goge bakunan da samfefa mai laushi, sau biyu uku kawai, ya ce in aka ci ƙarfen da yawa ba zai sake taɓa ɗan'uwansa ba. Ya ɗan miƙar da sifirin ɗaya da ya kwanta, ya mayar da komai. Yana aikin yana faɗa: makunnin nan rashin amfani ke kashe shi, a riƙa danna shi lokaci-lokaci ko ba a bukata, gogayyar ita ke share bakin ƙarfen. Na sayi fis a wurinsa daidai da lambar wanda na cire.

Bayan Azahar na mayar. Hagu ta yi, dama ta yi. Kawu ya fara sa albarka, na ce a dakata, akwai ta bayan nan.

Na sa jikan Kawu ya zauna ya ba da sigina hagu ya taka burki, ni kuma na tsaya a baya. Da ya taka, sai siginar ta kusa ɗaukewa, jar fitilar burki ta fara lumshewa tana buɗewa tare da ita, har ta gefen dama ta ɗan amsa. Duk wanda ya taɓa bin tsohuwar tasi da dare ya ga wannan. Ba ƙwan fitila ba ne, wayar at ce, wato hanyar da wuta ke komawa batir ta jikin mota. In tsatsa ta toshe ta, wutar ba ta haƙura, sai ta bi ta cikin zaren wani ƙwan ta nemi mafita. Ƙwan burki zare biyu gare shi, na wat 21 da na wat 5, kuma gindinsu ɗaya, shi ya sa rikicin ke tsallakawa har fitilun wancan gefen.

Gwajin ba wuya. Na ɗauki guntuwar waya, kai ɗaya a kan ƙarfe mai tsabta a jikin mota, ɗayan a jikin mariƙin ƙwayayen. Nan take komai ya daidaita, sigina ta yi haske sosai, burki ya tsaya cak. Na ɗaga shimfiɗar but, sai ga ruwa kwance a lungun hagu. Robar murfin ta tsage, damina tana shiga abinta. Kusoshin da ke riƙe fitilar sun yi jawur. Na kwance, na kankare har farin ƙarfe ya fito, na ɗaure da sabon wasa, na shafa giris a sama don kada ruwa ya sake samun wurin.

Muna cikin haka maƙwabcin Kawu ya leƙo, ya ce me zai hana a zuba mata ƙwayayen LED a huta. Na ce ba a wannan filashar ba. Irin ta da ce, mai aiki da zafi: wutar da ke wucewa ta ɗumama ɗan ƙarfe, ya lanƙwashe ya yanke, ya huce ya koma ya haɗa. An auna ta ne da nauyin ƙwai biyu masu wat 21, kusan amfiya uku da rabi a batir mai bolt 12. Shi ya sa in ƙwai ɗaya ya mutu kiftawar ke canzawa, a wata motar ta yi sauri, a wata ta tsaya a kunne, kuma da gangan aka bar ta haka don direba ya gane. LED ba ya jan wutar da za ta ɗumama ƙarfen. Mai son sa sai ya canza filasha zuwa ta zamani wadda aka yi dominsa. Na ƙirga ta Kawu da agogo, tana cikin ƙa'idar kiftawa 60 zuwa 120 a minti, ban ga dalilin taɓa ta ba.

Da La'asar muka fita gwaji, shi ke tuƙi. A mararraba ta farko ya danna dabul ya miƙe. Na ce, "Kawu, wannan fa?" Ya ce, "Ina gaya musu miƙewa zan yi." Mun daɗe muna wannan gardamar. Wanda ke tsaye a gefen hanya ɓangare ɗaya na motarka yake gani, a wurinsa kwana za ka yi, sai ya shigo. Dabul ta motar da ta lalace ce ko ta tsaya a wuri mai haɗari. Ya ce shekara nawa yana yi ba abin da ya faru, kuma ai Malam ya ce a riƙa danna shi. Ban san lokacin da na yi dariya ba.

Robar but ce ta rage. In ba a canza ta ba, kafin ƙarshen damina tsatsar za ta dawo. Litinin in Allah ya kai mu zan leƙa Panteka bayan an tashi aiki, in ba a samu ta 504 ba a yanko wata a daidaita. Na ce wa Kawu kafin nan ya riƙa kwana da ita a ƙarƙashin rumfa, ya ce rumfar ta awaki ce.