Mubi, 11 ga Nuwamba

Hunturu ya fara leƙowa. Da asuba sai da na nemo rigar sanyi kafin in fita masallaci, kuma hanyar makaranta duk ƙura.

Darasin 'yan aji biyar ya faɗo daidai kan ƙarshen Yaƙin Duniya na Ɗaya, ga shi yau ce ranar da aka tsagaita wuta a 1918. An sa hannu da sassafe cikin taragon jirgin ƙasa a dajin Compiègne na Faransa, bindigogi suka yi shiru ƙarfe 11 na safe. Babu ko ɗaya cikin yaran da ya san da ranar. Ban ga laifinsu ba, tunda mu nan 15 ga Janairu muke tunawa da 'yan mazan jiya.

Na bi abin da manhaja ta ce. An buɗe taro a Paris cikin Janairun 1919, Wilson na Amurka da Lloyd George na Birtaniya da Clemenceau na Faransa su ne masu faɗa a ji. Jamusawa ko kujera ba a ba su ba, sai da aka gama rubutu aka miƙa musu, suka sa hannu a Versailles ranar 28 ga Yuni. An ɗora musu alhakin ɓarnar yaƙin, aka rage sojansu zuwa 100,000, aka yanka musu diyya. Yara na ta kwafa, wasu na gyangyaɗi.

Da na zo kan ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mulka, sai na ajiye alli na ce musu wannan ajin da muke zaune, a da ƙasar Jaman ce. Nan take barci ya watse. Na zana musu taswira a allo, ga Yola a hannun Ingilishi, ga Garwa da Marwa da Mubi a Kamarun ta Jamus. Sojojin Najeriya na cikin waɗanda suka yi wa dutsen Mora ƙawanya har Jamusawan da ke kai suka miƙa wuya a Fabrairun 1916. A Yulin 1919 ministoci biyu, Milner na Ingila da Simon na Faransa, suka sa hannu kan iyakar da ta raba Kamaru. Faransa ta kwashe kusan kashi huɗu cikin biyar, Ingila ta sami siririn yanki daga Dikwa, ya biyo ta nan, har ya gangara teku.

Wata yarinya da ba ta cika magana ba ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, an shawarci Lamiɗo?" Na ce ina! Wilson ya yi ta wa'azin kowace al'umma ta zaɓi makomarta, amma da aka zo rabo, Poland da makamantanta ya nufa. Mu sai aka ce amana ce aka ba Turawa su riƙe, har mu yi hankali. Akasarin Fombina, wato ƙasar Lamiɗon Adamawa, ta zauna a ɓangaren Faransa, shi ya sa yau mai dangi a Garwa sai ya canza kuɗinsa zuwa sefa kafin ya je biki.

Bayan la'asar na biya gidan Baffa in gaishe shi, ƙafar tana damunsa. Na ba shi labarin tambayar yarinyar, ya yi dariya har da tari. Ya ce, "Ai mu an tambaye mu, ɗana, sai dai bayan shekara arba'in." Yana saurayi lokacin ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961, da mutanen nan suka zaɓi Najeriya, aka raɗa wa yankin Lardin Sardauna. Ya ce tsofaffi a lokacin sun fi tuna bulalar Jaman da aikin tilas fiye da komai, kuma wasunsu sun biya haraji ga Turawa iri biyu ba tare da sun bar gidan ubansu ba.

Na dawo babu wuta, ga takardun gwaji jibge suna jiran maki. Gobe za mu shiga darasin majalisar ƙasashen da Wilson ya dage sai an kafa, wadda 'yan majalisar dattawan ƙasarsa suka ƙi yarda Amurka ta shiga.