Hanyar keke a Kofanhegan: fenti kaɗai ba ya isa

A Kofanhegan, babban birnin Danmak, ba fenti kawai ake shafawa a ce an yi hanyar keke ba. Ɗaga ta ake yi sama da kwalta da ɗan dakali, faɗinta kuma kan wuce mita 2, don mai sauri ya iya wuce na gabansa.

Mahaɗar tituna ce ta fi ban tsoro: babbar mota ta karya dama, direba bai ga mai keke ba. Shi ya sa ake ja da layin tsayawar motoci baya da mita 5, don direba ya hango mai keke a gabansa. A titin Nørrebrogade kuwa, an saita danjoji daidai da gudun kilomita 20 a awa, mai zuwa aiki a kan keke sai ya yi ta samun koriyar fitila.