Yadda Auta ya koyi riƙe fensir daga tsintar wake

Aikin gidan da aka fara ba Auta shafi biyu ne, ya rubuta A zuwa Z, kowane harafi layi guda. Shekararsa 4 da wata 2 a lokacin, yana ajin nazare a wata makarantar kuɗi kusa da mu a Unguwar Rogo. Watan Disamba ne, kuma wanda ya san Jos ya san yadda hunturu yake ƙandarar da yatsu, ko babba sai ya hura hannu kafin ya riƙe biro. Nakan zaunar da shi bayan magariba, ya damƙe fensir kamar mai riƙe muciya, yana dannawa har takarda ta huje. Kafin mu kai harafi na biyar ya fara kuka. Sai in kama hannunsa ina ja, washegari a kai wa malama rubutuna da sunan nasa. Sati biyu muna haka, har ta kai da ya ga na ɗauko jakarsa sai ya ce cikinsa na ciwo.

Surukata ce ta tsayar da ni, tana zaune tana tsintar wake. "'Yar nan, dubi hannun nan fa. Yaron da bai iya ɓalle maɓallin rigarsa ba kike so ya yi rubutu? Turo min shi." Na ce, "To, Hajiya." Ta zuba masa wake a ƙaramin faifai, ta ce ya fitar mata da tsakuwa. Ranar farko da tafin hannu yake dumbuza. Bayan 'yan kwanaki sai na ga babban yatsa da manuni suna ɗauko tsakuwa ɗai-ɗai, ido na biye da su. Da waɗannan yatsun ake riƙe fensir.

Daga nan na shiga bincike, na fahimci cewa ƙwarin hannun yaro daga kafaɗa yake farawa, ya gangaro gwiwar hannu, sannan wuyan hannu, yatsu su ne ƙarshe. Yawancin yara suna iya kwaikwayon da'ira a shekara 3, layi biyu da suka gitta juna a wajen shekara 4, amma siffa mai kusurwa uku sai kusan shekara 5. To ku dubi babban A, harafin farko a littafin aikin: layi biyu ne a karkace da suka haɗu a sama. Ashe abin da ya fi wuya muka fara ɗora masa. Na sami malamarsu na roƙe ta ta rage masa aikin. Ba ta musa ba, sai dai ta ce iyaye da yawa shafi suke ƙirgawa, in ba su ga littafi ya cika ba sai su ce ba a koyarwa. Maganar ta tsaya min a rai, don ni ma a cikinsu nake.

Wata guda cur ban ba shi fensir a gida ba. Yana ɓare gyaɗa, yana zira makaroni a igiyar takalmi, yana ɗura ruwa daga buta zuwa kwalba ba tare da ya zubar ba. Ranar da nake cincin sai in gutsura masa ƙullu ya yi ta mulmulawa. Yayyensa mata suka sa shi a wasan carafke, duk da da farko in ya jefa dutsen sama runtse ido yake yi, don haka muka fara da dunƙulen safa, mai taushi da girma. Da safe kafin komai nakan sa hannunsa a ruwan ɗumi in shafa masa mai. Abu guda da zan ja kunne a kai: in akwai mai rarrafe a gidan, a tattara wake da duwatsu da zarar an gama, komai baki suke kaiwa.

Haruffa kuwa a tire muka fara su. Na baza acca a kai, in zana harafi da yatsa, ya zana nasa a gefe, in ya karkace mu girgiza tiren ya goge. Babu jan biro, babu abin da zai nuna an yi kuskure, shi ya sa bai taɓa gajiya da shi ba. Na karanta cewa Maria Montessori, likitar nan 'yar Italiya da ta buɗe gidan yaranta na farko a birnin Rum a 1907, takan yanka haruffa da takardar goge katako don yaro ya bi su da yatsa yana furta sautinsu. Na karɓo irin takardar wajen wani kafinta na yanka nawa. Ina kallonsa yana shafa harafi yana faɗa sai na tuna makarantar allo, yadda malam ke rubuta mana babbaƙu manya-manya, muna bi da yatsa muna rera "alu, ambaki, wau, zal", tun ba a ba mu alƙalami da tawada ba. Ido da yatsa da baki a lokaci guda. Abin yana gidanmu tuntuni.

Ban bi jerin A, B, C ba. Sunan da ake kiransa a gida na ɗauka, haruffa uku ne kacal: a, u, t. Kuma sauti na koya masa, ba "ei, bi, si" na makaranta ba, domin da sautin ake haɗa ta, tu, ba, bu.

Wata rana na sayo dankalin Turawa a Farin Gada, na raba ɗaya biyu na sassaƙa b a jikinsa don mu riƙa tsomawa a shuɗin wanki muna bugawa a takarda. Da muka buga sai d ya fito. Auta ya ce, "Mama, ai shi ne, juyawa ya yi." A nan na gane abin da yake gani. Kofi kofi ne ko mariƙinsa na dama ko na hagu, takalmi ma haka. Harafi ne abu na farko a rayuwarsa da juya fuska ke canza masa suna. Yara kan yi wannan musanya har wajen shekara 7, saboda haka na daina gyara masa da faɗa. Muka ware b sati guda shi kaɗai, yana nemo shi a jikin buhu da gwangwani da allon shaguna in mun shiga Taminus, sannan d ya biyo baya.

Masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, makarantarsu ba ta koyar da su, kuma wannan yana damuna, don yaron da bai san su ba ba zai bambanta fada da faɗa ba a rubuce. Na yanka su su ma. Ƙ ya fi so, wai yana da hula.

Waya na rage masa sosai. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta ba da shawarar kada ɗan shekara 2 zuwa 4 ya wuce awa guda a rana yana kallon waya ko talabijin, ni kuma na lura goga yatsa a gilashi ba ya sa hannu aiki kamar ƙullu ko gawayi.

Da na mayar masa da fensir, guntu na ba shi, wanda ba ya damƙuwa a tafi, dole yatsu uku su riƙe. Cikin watan Maris ya ɗauki gawayi ya rubuta "auta" a bangon kicin, u ɗin ya fi sauran girma sau biyu. Hajiya ya fara kira ta zo ta gani. Har yanzu yakan rubuta d a wurin b in ya gaji, a irin ranar sai mu rufe littafi mu ɗauko tiren acca.