Tsakanin gargara da kabari: abin da hannu zai yi a lokacin da lahira ta matso

Babu inda lahira ke matsowa kusa da mai rai kamar ɗakin da ake gargara. Gado ne dai da tabarma da kofin ruwa, amma duk wanda ya shiga sai ya sassauta murya ba tare da an ce masa ba. Ranar da sahabi Abu Salama ya cika, Manzon Allah (SAW) ya tarar da idanunsa a buɗe, ya rufe su, ya ce idan an karɓi rai gani yana bin sa. Da mutanen gida suka ɗauki kuka, sai ya gargaɗe su kada su roƙa wa kansu komai sai alheri, domin mala'iku na cewa amin ga abin da suke faɗa. Ke nan ba mu kaɗai ne a ɗakin ba. Abin da ke damuna shi ne, a daidai wannan lokaci gidaje da yawa a Katsina da Daura ke rikicewa, a tsaya jiran dattijo ɗaya tilo da unguwa ta bar wa aikin. Alhali aikin na hannu ne, ana koyon sa, kuma farilla ce a kan jama'a: in wasu sun yi ta faɗi a kan saura, in kowa ya bari kowa ya yi laifi.

Alamun kusantowar ajali ba ɓoyayyu ba ne. Ƙafafu da hannaye su yi sanyi, numfashi ya riƙa tsayawa yana dawowa, maƙogwaro ya fara ƙara. Wannan ƙarar yawu ne da majina da suka taru saboda haɗiya ta gagara. A nan ake kuskuren farko, kuma ƙauna ce ke jawo shi: a ɗura wa majinyaci ruwa, ko zamzam, ko rubutu. Wanda ba ya iya haɗiya, abin da aka ɗura masa huhu yake tafiya, sai ya ƙware, a ƙara masa wahala. A jiƙa auduga ko tsumma mai tsabta a shafa masa a leɓe, ko da zamzam ɗin ne, ya wadatar. A kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. A ƙasarmu alƙibla gabas take da ɗan karkata arewa, don haka kai yana kudu, ƙafafu arewa. Kwanciyar gefen ma tana rage ƙarar maƙogwaron. In juyin yana ba shi zafi, a bar shi yadda yake.

Laƙƙana kalmar shahada kuwa ba tuhuma ba ce. Mutum ɗaya wanda majinyacin ke jin daɗinsa ya zauna kusa da kansa, ya faɗi La ilaha illallah a hankali yadda zai ji. Kada a girgiza shi ana "ka ce, ka ce", domin wanda ke cikin zafin fitar rai yana iya gundura ya furta abin da ba a so. In ya faɗa, a yi shiru, sai in ya yi wata magana a sake tuna masa. In bai iya motsa baki ba, wannan ba hujjar komai ba ce, harshe ne ya gaza. Kuma a ɗauka yana ji. Maganar gado, da kuɗin asibiti, da waye bai zo dubiya ba, a fita da su zaure. Game da Yasin, Risala, littafin fiƙihun Malikiyya, ta kawo cewa wasu malamai sun yi rangwame a karanta ta a wajen kansa, amma Imamu Malik bai ɗauke ta abin aikatawa ba. Bai kamata 'yan uwa su tsaya musu a kanta a gaban mai gargara ba.

Idan numfashi ya yanke, kada a yi gaggawar shela. Akwai doguwar suma. A samu ma'aikacin lafiya ya tabbatar, musamman in faɗuwa ce ta farat ɗaya. Da an tabbatar sai a rufe idanu, a ɗaure haɓa da ƙyalle mai faɗi zuwa tsakiyar kai, a lanƙwasa gwiwoyi da gwiwar hannu a miƙe su sau biyu ko uku. Dalili shi ne gawa tana fara sandarewa cikin awa biyu zuwa huɗu, daga muƙamuƙi da wuya, kuma zafi yana hanzarta ta. In aka bar baki a buɗe har ya sandare, ba ya rufuwa da daɗi. A cire zobe tun kafin yatsa ya kumbura. A lulluɓe ta, a ɗaga ta daga ƙasa, a ajiye a ɗaki mafi sanyi. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yakan haura digiri 40, jiran ɗan da ke tahowa daga Legas zai iya sa jiki ya canja kafin ya iso. Umarnin dai a gaggauta ne. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rasu daren 5 ga Mayu 2010 a Abuja, washegari aka rufe shi a maƙabartar Ɗan Marina da ke Katsina.

Wanka shi ne inda ilmi ya fi ƙaranci. Asalinsa hadisin Ummu Aɗiyya ne, lokacin da suka wanke 'yar Manzon Allah (SAW): sau uku, ko biyar, ko fiye in da buƙata, da ruwa da magarya, a sa kafur a na ƙarshe, a fara da dama da gaɓoɓin alwala. Ganyen nan da ke bayan gidan kowa shi ne mai sunan Magaryar Tuƙewa da ke can sama, kuma shi ake tanadar wa mutum a wankansa na ƙarshe. Mutum biyu ko uku sun isa: mai wanki, mai zuba ruwa, mai juyawa. Maza su wanke namiji, mata su wanke mace, miji da mata kuwa kowanne yana iya wanke ɗan uwansa. A tanadi bokiti uku, ɗaya na ruwa tsantsa, ɗaya na dakakkiyar magarya, ɗaya na kafur, da safar hannu, da auduga, da zane mai kauri. Ruwan ya zama mai ɗumi kaɗan ko na randa, ba tafasasshe ba, domin fatar mamaci tana saluɓewa.

A rufe al'aura da zanen tun kafin a zare tufafi, kuma ba a ɗaga shi har a gama. A ɗan tada gawar a matsa ciki a hankali, a yawaita zuba ruwa. Wanda ya tsallake wannan, shi ne zai ga najasa ta ɓata likkafani bayan an gama komai. A yi tsarki ta ƙarƙashin zane da hannu a naɗe, a yi alwala, amma baki da hanci da jiƙaƙƙen tsumma ake share su, a karkata kai don kada ruwa ya shige ciki. Sai kai, sai gefen dama, sai hagu. A mazhabarmu ta Malikiyya wankan da ya zama dole da ruwa tsantsa ake yin sa, magarya ta tsabta ce, kafur na ƙamshi da jinkirta lalacewa. A kula da kafur ɗin: ƙwallayen da ake sakawa a akwati don kyankyaso ma kafur ake ce musu a kasuwa, amma wani sinadari ne daban. A nemi na ainihi wajen masu turare, a dake shi kafin a zuba. Ba a yanke farce, ba a aski. Gashin mace a tsefe, a wanke, a kitse shi gida uku a mayar baya. Rauni ko gurbin allurar ƙarin ruwa da ke tsiyaya, a toshe da auduga a ɗaure. Wanda amai da gudawa ko zazzaɓin Lassa ya kashe, kada a taɓa shi sai da ma'aikatan lafiya, domin ciwon yana nan a jikin gawa.

Akwai abin da nake so a ji da kyau. Jini yana kwanciya a gefen da jiki ya kwanta bayan zuciya ta tsaya, sai wurin ya yi duhu. Wanda ya mutu a kife, fuskarsa za ta yi baƙi. Ciki yana kumbura da iska, wani lokaci har a ji kamar nishi idan an juya gawa. Duk wannan halin jiki ne, yana samun na kirki da wanda ba na kirki ba. Mai wanka da ya fito yana raɗa cewa "wane bai cika da kyau ba" ya ci amana, ya kuma yi shisshigi a hukuncin da ba nasa ba. Haka mai zaro waya ya ɗauki hoton gawa ya watsa a WhatsApp. Mutumin da ba ya iya jan zane ya rufe kansa, suturarsa tana wuyan waɗanda ke ɗakin.

Likkafani fari ne, mara ado, kuma a ƙidaya shi wutiri. An sa Manzon Allah (SAW) a fararen tufafi uku, ba riga ba rawani. Malikiyya sun so biyar ga namiji, bakwai ga mace, amma abin da ya rufe jiki duka ya isar. A auna tsawon mamaci a ƙara kamu ɗaya, ga babba kowane ƙyalle yakan kai yadi biyu da rabi, uku ke nan yadi bakwai da rabi. A tsane jiki sosai kafin naɗi, a sa turare a goshi, hanci, tafuka, gwiwoyi da yatsun ƙafa, wato wuraren sujada.

Salla kabbara huɗu ce a tsaye, ba ruku'u ba sujada, addu'a ga mamaci bayan kowace kabbara, sallama ɗaya. Ba a binnewa daidai fitowar rana, ko tana tsaka, ko tana faɗuwa.

Ƙasar Katsina da Daura rairayi ce, lahadun da ake rarakewa a gefe yakan rufta, shi ya sa muke haƙa babban rami sannan siriri a tsakiyarsa. A kwantar da mamaci ta dama, a kwance ɗaurin kai da na ƙafa, a jera itace ko tukwane, a liƙe kowace kafa da taɓo kafin a tura ƙasa. Kafar da aka bari ita ce ruwan Agusta zai bi ya burma kabarin.

Daga nan mutane kan juya, wasu har sun fara gaisawa. Ya tabbata cewa mamaci yana jin ƙarar takalmansu idan sun juya. Manzon Allah (SAW) in an gama rufewa yakan tsaya ya ce a nema wa ɗan uwa gafara, a roƙa masa tabbata, domin yanzu ake tambayarsa. Amru ɗan Asi ma ya yi wasiyya a tsaya a kabarinsa gwargwadon lokacin da za a soke raƙumi a raba namansa. Duk wanda ya taɓa ganin fiɗar raƙumi ya san ba aikin minti biyar ba ne.